Babi na Huɗu: Me Aka Tambaye Ka?

Me ya sa yaro zai haddace jadawalin sau tun daga gidan biyu har gidan sha biyu, ya kawo shi tiryan-tiryan ba gargada, amma da zarar an ba shi lissafin da aka rubuta da zance, irin mai farawa da "wani manomi yana da gona", sai ya zauna yana cizon biro? Iyaye suna yi wa malamai wannan tambaya, malamai ma suna yi wa junansu lokacin makin takardu. Amsar da aka fi bayarwa ita ce yaron ba shi da kan lissafi. Ni ban gamsu da wannan amsa ba. Yaron da ake cewa ba shi da kai, shi ne idan aka aike shi kasuwa da dubu biyar yake dawowa da canji daidai, kuma ba mai ƙwararsa ko na naira goma. Kan yana nan. Abin da ya ɓace wani abu ne daban, kuma za mu bi sawunsa ta fannoni huɗu da suka fi kayar da ɗalibai: rabawa, lissafin siffofi, ƙirga hanyoyi, da lissafin yiwuwa.

Shekarun matuƙin jirgi

A wajajen 1980 wasu malaman lissafi a birnin Grenoble na Faransa suka ba 'yan firamare wata tambaya. Jirgin ruwa ne ɗauke da tumaki 26 da awaki 10, aka ce su faɗi shekarun matuƙin. Tambayar ba ta da amsa, da gangan aka yi ta haka. Amma fiye da kashi uku cikin huɗu na yaran sai da suka haɗa lambobin suka fitar da amsa, galibi 36. Yaran nan ba wawaye ba ne. Makaranta ce ta koya musu, ba tare da ta yi niyya ba, cewa duk inda aka ga lambobi biyu a takarda to a yi musu wani abu, a tara ko a ɗebe, zancen da ke kewaye da su ado ne kawai.

Mu a nan nauyin ninki biyu ne. Tambayar WAEC da NECO da Turanci take zuwa, ta BEPC a Maraɗi ko Damagaram kuma da Faransanci. Ɗalibin da harshen bai zauna masa ba sai ya tsallake kalmomin, ya tsinci lambobin, ya laluba cikin kansa ko akwai wata fomula da za ta haɗiye su. Saboda haka gwajin farko da nake ba iyaye shawara a kai ba ya buƙatar sanin lissafi: a rufe littafin, a ce yaron ya ba da labarin tambayar da Hausa, ya faɗi abin da aka sani da abin da ake nema. Idan ya kasa, bai kai ga lissafi ba tukuna, ko da kalkuleta goma aka jera masa.

George Pólya, malamin lissafi ɗan ƙasar Hungary da ya koyar a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya fitar da ɗan littafi a 1945 kan yadda ake warware tambayoyi. Matakai huɗu ya kawo: ka fahimci tambayar, ka tsara dabara, ka aiwatar, sannan ka waiwaya ka duba ko amsar ta shiga hankali. Ajinmu yawanci mataki na uku kaɗai ya sani. Malam ya rubuta fomula a allo, ya yi misali biyu, ya ba da aiki ashirin masu kama da misalin. Fomula kuwa yanke ce. Wanda ya san babbar hanya shi yake amfana da yanke, baƙon da aka nuna wa yanke kaɗai da an toshe lungu ɗaya ya ɓata.

Saura goma sha biyu

A farkon shekarun 1980 an yi wa ɗalibai 'yan shekara 13 wata jarrabawar ƙasa a Amurka. Ɗaya daga cikin tambayoyin ta ce sojoji 1,128 za a kai filin atisaye, kowace bas tana ɗaukar 36, bas nawa ake buƙata? Kimanin kashi 70 cikin ɗari sun yi rabawar daidai: 31, saura 12. Amma waɗanda suka rubuta 32 ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban ba. Waɗanda suka rubuta cewa ana buƙatar bas "31 saura 12" sun fi su yawa, wasu kuma suka ce 31, suka bar sojoji sha biyu a tsaye a bakin titi.

Rabawa ba ta ƙarewa a inda biro ya tsaya. Ɗauki lissafi guda, 100 a raba gida 30, wanda yake ba da 3 saura 10. Mai kiwon kaji tana da ƙwai 100, kiret yana cin 30. Idan aka ce kiret nawa za ta nema don kada ƙwai ko ɗaya ya kwana a ƙasa, amsa 4. Idan aka ce cikakken kiret nawa za ta kai kasuwa, amsa 3. Idan aka ce ƙwai nawa za su rage wa gida, amsa 10. Idan kuma shadda ce yadi 100 za a raba wa mutum 30, kowa zai sami yadi uku da sulusi, domin yadi yana yankuwa, ƙwai ba ya yankuwa. Aikin hannu ɗaya ne, amsa huɗu, kuma ba abin da ya zaɓi ta daidai sai zancen da ɗalibi ya tsallake.

Wani lokaci ma ragowar ita ce amsar gaba ɗaya. Yau Juma'a, wace rana ce bayan kwana 100? Kowane kwana bakwai ana dawowa Juma'a. Bakwai ta shiga ɗari sau 14, saura 2. Sha huɗun nan ba ruwanmu da ita. Kwana biyu bayan Juma'a, Lahadi.

Haka nan rabawa da rabi, wadda take rikita har manya. An koya mana a juya kason a ninka, sai 3 a raba da ½ ta ba da 6, yaro ya yi ta mamakin yadda rabawa ta ƙara abu. To a mayar da ita gero: mudu uku ne, kowane mutum za a ba shi rabin mudu, mutum nawa za su samu? Shida. Ba wanda zai yi gardama, kuma ba a juya komai ba.

Idan kason ya fi dukiyar

Malamanmu na fara'id sun daɗe suna yin irin lissafin da ake tsorata 'yan sakandare da shi. Abin da malamin aji yake kira LCM, su asalin mas'ala suke ce masa: lambar da duk kason magada zai fita daga cikinta ba tare da karaya ba. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa ba iyaye. Miji yana da rabi, 'yan'uwan suna da sulusi biyu. Ƙaramar lambar da take da rabi kuma take da sulusi ita ce 6. Rabinta 3, sulusinta biyu 4. A haɗa, 7. Kason ya fi dukiyar.

Littattafan fiƙihu sun kawo cewa a zamanin Halifa Umar aka fara cin karo da irin wannan, kuma mafitar da aka tsaya a kanta, wadda ake kira aulu, ita ce a raba dukiyar gida bakwai maimakon shida, ragin ya shafi kowa gwargwadon kasonsa. Idan abin da aka bari naira 700,000 ne, miji ya ɗauki 300,000, kowace 'yar'uwa 200,000. Akwai wata sananniyar mas'ala ta mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, inda asali 24 yake hawa zuwa 27, sumunin matar ya koma tusu'i. Hukuncin na malamai ne, ba nan ne wurinsa ba. Abin da ya shafe mu shi ne ɗabi'ar: kafin a taɓa dukiya, ana tara kason duka a ga ko sun cika ɗaya cif.

Wannan ɗabi'a ita take tona asirin tsohon wasan ƙwaƙwalwar nan na raƙuma 17, da uba ya ce babba ya ɗauki rabi, na tsakiya sulusi, auta tusu'i. Dattijo ya ara musu raƙuminsa suka zama 18, aka ba da 9 da 6 da 2, ya ja nasa ya tafi. Ba siddabaru a ciki. Rabi da sulusi da tusu'i in an tara su 17 ne cikin 18, tun asali rabon bai cinye garken ba.

Igiyar magini

Je ka tsaya inda ake fitar da harsashin gini. Magini ya kafa turke a kusurwa, ya ja igiya biyu, ɗaya ta tsawon ɗaki ɗaya ta faɗi. Da ido ba zai tabbatar kusurwar ta daidaita ba, kuma in ta karkace tun daga ƙasa, mai tayil da mai rufi duk sai sun sha wuya. Sai ya ɗauko tef, ya auna ƙafa 3 a kan igiya ɗaya ya sa alama, ya auna ƙafa 4 a kan ɗayar ya sa alama. Yaronsa ya riƙe bakin tef a alamar farko, shi kuma ya ja zuwa ta biyu. Idan ya ga ƙafa 5 cif, kusurwa ta zauna a digiri 90. Idan ta haura biyar, kusurwar ta buɗe da yawa, sai a matso da igiya. Idan ta gaza, ta tsuke.

Abin da ake kira ƙa'idar Pythagoras ke nan, ko da yake allunan yumɓu na Babila sun nuna an san irin waɗannan lambobi sama da shekara dubu kafin a haife shi. Mai son ya gani da idonsa ya zana alwatikar, ya gina murabba'i a kan kowane gefe, ya cika su da tayil mai ƙafa ɗaya-ɗaya. Na gefen 3 zai ci tayil 9, na gefen 4 zai ci 16, na dogon gefen zai ci 25. Tara da sha shida, ashirin da biyar. Ɗaki mai ƙafa 12 a 16 kuwa, daga kusurwa zuwa kishiyarta dole a sami ƙafa 20, domin uku-huɗu-biyar ce aka ninka sau huɗu.

Yanzu ga tambayar jarrabawa: an jingina tsani mai mita 5 a bango, gindinsa yana nesa da bangon da mita 3, ina kansa ya kai? Akwai ɗaliban da suke rubuta 8. Akwai waɗanda suka tuna fomula amma suka sa lambobin a gurbin da ba nasu ba, suka tara 25 da 9, suka fito da kusan mita 6. Duka biyun sun ce tsani ya kai inda ya fi tsawonsa. Zanen minti ɗaya ya isa ya nuna cewa tsanin shi ne dogon gefe, amsa kuma 4. A lissafin siffofi gani ya kori ji, kuma ban san wata tambaya a wannan fanni da zane yake ɓata wa lokaci ba.

Inda rashin zane ya fi cin kuɗin mutane shi ne wajen fili. Fuloti mai ƙafa 50 a 50 ba rabin mai 100 a 100 ba ne, rubu'insa ne. Zana babban, ka raba kowane gefe biyu, za ka ga ƙananan guda huɗu kwance a ciki. Kuma tsawon katanga ba ya faɗin girman fili. Katanga mai ƙafa 300 za ta kewaye fili mai 50 a 100, wato murabba'in ƙafa 5,000. Ita ɗin dai za ta kewaye mai 75 a 75, wanda ya kai 5,625, ko siriri mai 25 a 125, wanda bai wuce 3,125 ba. Bulo ɗaya, siminti ɗaya, amma wani filin ya kusa ninka wani. Dalilin da ya mayar da ƙaramin fulotin nan rubu'i shi ne ya sa bakin bututu mai inci biyu ya ninka na mai inci ɗaya sau huɗu, tankin da aka ninka tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kuma yake cin ruwa ninki takwas.

Musabaha nawa?

Mutum goma sun haɗu a ɗaurin aure, kowa ya yi musabaha da kowa sau ɗaya. Musabaha nawa aka yi? Amsar da take fara zuwa baki ita ce 100, mai ɗan tunani ya ce 90. Dabarar da ta fi kowace amfani a nan ita ce a rage mutanen. In su biyu ne, musabaha 1. In su uku ne, 3. Na huɗu ya shigo, zai gaisa da ukun da ya tarar, ta zama 6. Na biyar ya ƙara 4, ta zama 10. Ashe kowane sabon zuwa yana ƙara adadin waɗanda ya tarar. Na goma zai tarar da tara, don haka a tara daga 1 zuwa 9, a sami 45.

To ina kuskuren mai 90? Ya ce kowane ɗaya cikin goma ya miƙa wa tara hannu, goma sau tara. Gaskiya ne, sai dai ya ƙirga kowace musabaha sau biyu, sau ɗaya ta wajen Audu, sau ɗaya ta wajen Garba, alhali hannu ɗaya suka haɗa. Ya raba biyu ya huta.

Abin sha'awar shi ne akwai inda lissafinsa yake daidai. Gasar Firimiya ta Ingila ƙungiya 20 ce, kowace tana karawa da kowace gida da waje. Wasan da Arsenal ta karɓi Chelsea daban yake da wanda Chelsea ta karɓi Arsenal, saboda haka 20 sau 19, wasa 380 a kaka, ba a raba komai. Haka in ƙungiyar mutum goma za ta zaɓi shugaba da ma'aji, hanya 90 ce, domin Audu shugaba Garba ma'aji ba ɗaya ba ne da Garba shugaba Audu ma'aji. In kuwa wakilai biyu za a tura taro ba muƙami, hanya 45. Duk babin nan da ɗalibai suke haddace wa fomula biyu masu kama da juna, suna rikita wace ce wace, tambaya ɗaya ce ke ƙarƙashinsa: in na sauya musu wuri, abin ya canza ko bai canza ba?

Masana harshe ma sun yi wannan ƙidaya. Khalil ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, da ya tashi tsara ƙamus ɗin Larabci, ya so kada tushen kalma ko ɗaya ya kuɓuce masa. Sai ya bi ta jujjuya haruffa: biyu suna jeruwa hanya 2, uku hanya 6, huɗu hanya 24, biyar hanya 120. Dalili a fili yake. In haruffa huɗu ne, gurbin farko yana da zaɓi huɗu, na biyu uku, na uku biyu, na ƙarshe ɗaya, a ninka su. Lambar sirri ta katin banki, da yake ana iya maimaita lamba, goma ce sau goma sau goma sau goma, 10,000. Da an hana maimaici da ta sauko 5,040.

Hatimin Bakatsine

Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi malami ne daga ƙasar Katsina. Ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, a 1732 ya rubuta littafi kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. A can ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Shi da mutanen zamaninsa suna da nasu dalilan na kula da hatimi. Mu lissafin cikinsa ya kawo mu, domin ƙaramin cikinsu darasi ne cikakke.

Gida tara, lambobi 1 zuwa 9, ana so kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, ya ba da jimla ɗaya. Mai cika gidajen da ka zai daɗe, domin hanyoyin jera lamba tara sun kai 362,880. Mai tambaya kuwa zai fara da jimlar. Lambobin duka 45 ne, layi uku ne a kwance, kowane ya ɗauki 15. Sai ya jera duk lambobi uku da suke ba da 15: 1-5-9, 1-6-8, 2-4-9, 2-5-8, 2-6-7, 3-4-8, 3-5-7, 4-5-6. Takwas ne, kuma layukan hatimin ma takwas ne. Gidan tsakiya layi huɗu ne suke ratsa shi, lambar da ta fito sau huɗu a jerin kuwa 5 ce kaɗai. Gidajen kusurwa layi uku-uku suke ratsa su, waɗanda suka fito sau uku su ne 2, 4, 6, 8. Sauran sun sami wurinsu da kansu: layin sama 2, 7, 6, na tsakiya 9, 5, 1, na ƙasa 4, 3, 8.

Ɗaya cikin huɗu

Lissafin yiwuwa ba duba ba ne, ba ya faɗin abin da zai faru. Abin da yake yi shi ne ya jera duk hanyoyin da abu zai iya bi, waɗanda ba wadda ta fi wata ƙarfi, sannan ya ƙirga nawa ne daga cikinsu suke kaiwa inda ake tambaya. Wato ƙidayar da muka gama yi ce, aka ɗora mata rabawa.

Wahalar tana wajen jerin. A 1754 d'Alembert, ɗaya daga cikin manyan masana lissafin Faransa, ya rubuta cewa in aka jefa kwabo sau biyu, yiwuwar a ga gabansa ko sau ɗaya biyu ce cikin uku. Ya kuskure. Hanyoyin huɗu ne: gaba-gaba, gaba-baya, baya-gaba, baya-baya, kuma uku daga cikinsu suna da gaba. Tun kafin shi, a farkon ƙarni na 17, an kai wa Galileo ƙorafin cewa in aka jefa ɗan lido uku, jimlar 10 tana riga 9 fitowa, alhali kowace tana haɗuwa ta hanya shida. Ya zauna ya jera duka 216, ya nuna cewa 3-3-3 hanya ɗaya ce tak, amma 1-3-6 tana jujjuyawa sau shida. Da aka ƙirga haka, 10 ta sami 27, ita kuwa 9 ta sami 25.

Tambayar jaka da ƙwallaye da ba ta ɓacewa a jarrabawa ita ma haka take. Ja uku, fari biyu, an zaro biyu ba a mayar ba, mene ne yiwuwar duka ja ne? Ƙwallo biyar suna haɗuwa bibbiyu hanya 10, musabahar mutum biyar ke nan. Ja uku suna haɗuwa a junansu hanya 3. Amsa 3 cikin 10. Mai fomula zai ninka 3/5 da 2/4 ya iso wuri ɗaya, kuma kyakkyawar ɗabi'a ce a bi hanya biyu a ga sun haɗu.

Teburin 'yan caca ne ya haifi wannan fanni, ta wasiƙun da Pascal da Fermat suka yi musaya a 1654 kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse. Amma ban san abin da ya fi shi tona asirin caca ba. Mai cankar sakamakon wasa goma da ka, kowane da nasara ko canjaras ko faɗuwa, hanya ɗaya yake nema cikin 59,049.

Inda abin ya fi shafar gidajenmu shi ne sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, shi ya sa ake ta kiran a yi gwajin jini kafin aure. Idan miji AS ne mata ma AS, kowannensu yana ba jariri ɗaya daga cikin biyun da yake ɗauke da su. Hanyoyin huɗu ne, kamar na kwabon ɗazu: A da A, A da S, S da A, S da S. Yiwuwar SS, wato sikila, ɗaya ce cikin huɗu. Ana yawan jin wannan a matsayin cewa cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai kamu, har wasu su ɗauka in na fari ya zo da ciwon to ukun da za su biyo sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon lissafi ne, bai san abin da ya faru da na gabansa ba. In aka jera haihuwa huɗu, hanyoyin 256 ne. A 81 daga ciki ba ko ɗaya mai SS. A 108 mutum ɗaya ne. A sauran 67 kuwa biyu ne ko fiye, wato sama da rubu'in irin waɗannan gidaje. Ma'auratan da suka haifi huɗu lafiya ba su ƙaryata likita ba, waɗanda suka haifi biyu a jere masu ciwon ma gwajin bai yi musu ƙarya ba. Duka biyun suna cikin jerin.

Inda yatsu suke gazawa

Duk tambayoyin da muka bi a nan an iya zana su, ko a jera su, ko a rage su har su dawo abin ƙirgawa da yatsu. Akwai waɗanda ba sa yarda da haka cikin sauƙi, domin abin da za a zana ɗin shi ne ba a sani ba. A wata tasha akwai babura da adaidaita sahu, jimlarsu 20, ƙafafunsu 48. Kowanne nawa ne? Mai haƙuri zai iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya har ya dace, amma a mayar da su 2,000 a ga inda haƙurin zai kai shi. A babi na biyar za mu je Bagadaza ta wajajen shekara ta 820, wurin Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi, wanda ya cika babban ɓangare na littafinsa da mas'alolin wasiyya da gado, mu ga yadda ake ba abin da ba a sani ba suna, a yi ta lissafi da shi har ya bayyana kansa.